Giyar Kwana Huɗu

Wani ne a garinmu, can gefen Milwaukee, irin mutanen nan da in sun kalli abu sau ɗaya a waya sun zama malamansa ke nan. Ranar Lahadi ya kalli yadda ake dafa giya a gida. Litinin ya sayo bokitai biyu da sha'ir da yis. Talata ya dafa ya zuba, ya fita unguwa yana gyara wa mutane.

Surukinsa Orville zai cika shekara saba'in ranar Asabar, an gayyaci mutum sittin gashin nama a bayan gida. Tsohon bai taɓa ganin mutumin nan da gashi a ka ba. Shekara shida da auren 'yarsa, har yau "mijin Jolene" yake ce masa. Sai gogan naka ya buga waya ya ce kada a sayi ko kwalba ɗaya, shi zai shayar da kowa da giyar hannunsa. Orville ya ce a ba shi Jolene.

Ranar Laraba maƙwabcinsu Vernon, wanda ya shekara talatin yana wannan aiki, ya sauko ɗakin ƙasa inda bokitan suke ya duba. Ya nuna masa ɗan bututun da ke bisa murfin bokiti yana ɓulɓul. Ya ce muddin wannan bai yi shiru ba, yis bai gama cin zaƙin ba. Sati biyu a bokiti, sati biyu a kwalba. Wanda ya toshe ta tana cikin aiki, iskar ba ta da hanyar fita sai ta nemi tata.

Mutumin ya yi dariya har da dafa masa kafaɗa.

"Tsoho, kai ƙunshin yis ɗaya kake zubawa, shi ya sa kake zaman jiran sati biyu. Ni huɗu na zuba. Yi lissafi mana."

Vernon ya kalli bokitan, ya kalle shi. Ya tambayi ranar bikin, aka ce Asabar. Ya ce ba zai samu zuwa ba, yana da jana'iza ranar.

"Ayya, wa ya rasu?"

"Ban sani ba tukuna."

Da ya tafi, mutumin ya ga kamar yis ɗin nasa ya fara lalaci, sai ya kwaso bargon lantarki na lokacin sanyi ya lulluɓe bokitan, ya ƙure zafin. Gidan duk ya ɗauki warin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ya ce ƙamshin nuna ne.

Juma'a da hantsi ya jera kwalabe casa'in da shida. Jolene ta leƙo daga matakala, ta ce a hankali ita fa tana ganin abin yana tafasa har yanzu kamar miya. Ya ce ai ƙarfinta ke nan, kuma harkar giya ba girki ba ce da za ta sa baki. Takardar da ta zo da kayan ta ce a ƙara ɗan sukari kafin a rufe, don kumfa. Ya ce surukinsa ba mutumin ɗan kumfa ba ne, ya juye rabin buhu. Ya danne murafe, ya manna wa kowace kwalba hoton Orville yana murmushi. Jolene ta koma sama. Ta ɗauki kyanwarta ta kai gidan ƙanwarta.

Asabar rana ta buɗe, irin ta watan Yuli. Ƙanƙara ya manta da ita, amma ya ce masana ba sa shan giya da sanyi. Ya jibge kwalayen giyar a ƙarƙashin rumfa, dab da murhun gashi, ya tsaya gefensu ya riƙe ƙugu.

Fasto na addu'ar abinci, an kai "Amin", kwalba ta farko ta tashi. Ta biyu ta amsa mata. Daga nan sai kwali guda. Mata suka kwashi yara suka shige ƙarƙashin tebura. Ƙanen Orville, tsohon soja, ya kwanta ruf da ciki cikin furanni yana tambayar ta ina suke ɓullowa. Kwano na dankali ya cika da gilas, wuyan kwalba ya tsaya tsakiyar kek, kare ya tsallake shinge bai waiwayo ba. Gogan naka yana bayan murfin kwandon shara yana cewa a kwantar da hankali, giyar tana numfasawa ne.

Da abin ya lafa, mutum sittin na tsaye cikin kumfa, ba nama ba abin sha. Kwalba ɗaya ce ta tsira. Mutumin ya ɗauko ta da safar hannu ta gashin nama, ya zo gaban surukinsa ya rusuna, ya ce wannan ta mai biki ce. Yana ɓalle murfin giyar ta yi sama gaba ɗaya ta daki rumfa. Orville na zaune riƙe da kofi busasshe, kumfa na ɗiga daga hularsa.

"To Baba, ya ka ji ɗanɗanon?"

"Hau ka tambayi rumfa, ita ta sha."