Rasuwar Gwaggo, Wadda Injiniya Ya Yi Wa Dashen Kati

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da bai huce ba har yanzu, Haruna Mai Hoto na bakin kasuwar Ajingi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta kan tebur, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ne bayan wata gajeriyar jinya da ba ita ta nema ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Da ita Haruna ya gyara hotunan fasfo na rabin garin, ya share ƙuraje a fuskar angwaye, ya haɗa bidiyon biki da na suna. Idan aka kunna ta da safe takan ce "fit" sau ɗaya, fankarta ta yi ɗan tari, sannan ta kama aiki. Laifinta ɗaya, tsufa ya sa bidiyo yana yi mata nauyi, yana tafiya yana ɗingishi.

Wannan ɗingishin ne ya tsone wa Ashraf ido. Ashraf ƙanin matar Haruna ne, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya saboda ya iya saka wa mutane waƙoƙi a waya. Ya dawo daga Kano da katin girafik, abin da ke zana hoto a allo, ƙato kamar bulo, da fanka uku a jikinsa.

Haruna bai yi shiru ba, a shaida masa. Kafin ya hau babur zuwa Gaya ɗaukar bidiyon wani suna, ya ce a auna tsawon katin da cikin akwatin kwamfutar, a duba ko na'urar da ke raba mata wuta za ta iya ɗaukarsa, a kuma ƙirga ramukan fulogin. Idan ɗaya bai dace ba, kar a taɓa ta.

"Haba Yaya, kati ai kati ne," in ji Ashraf. "Ka tafi kawai, kafin ka dawo Gwaggo ta zama budurwa."

Ko ɗaya bai dace ba. Da katin ya ƙi shiga, sai Ashraf ya rungumi baiwar Allah ya kai ta wajen mai walda aka yanke mata haƙarƙari. A jikin kwalin katin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa yana son wuta mai ƙarfin wat ɗari shida da hamsin, ita kuwa ɗari uku gare ta, amma Injiniya ya shimfiɗa kwalin ya zauna a kai. Fulogin katin rami takwas ne, nata shida. Sai ya feƙe wayoyi biyu, ya cusa su, ya danne da tsinken ashana, yadda yake yi wa soket ɗin gidansu.

Maƙwabta sun ce ba ta ce "fit" ba ranar. Ta yi "wuuu" mai tsawo, sannan "tau!", sai warin ƙonanniyar roba ya cika layin, har mai shayi ya leƙo.

Ta rasu ta bar allo guda, wanda tun ranar yake kallon mutane baƙi ƙirin, da kibod mai giɓi biyu, da linzamin kwamfuta, da firinta wadda dama ba su cika jituwa ba. Katin da ya kashe ta yana nan garau, ko ƙwarzane babu. Haka shi ma Ashraf, don Sadiya matar Haruna ta tare ƙofa ta ce ƙaninta ne, kuma niyyarsa mai kyau ce.

Abin da ya hana Haruna cin abinci shi ne wutar ta bi ta ƙone rumbun ajiyarta. A ciki akwai bidiyon bikin Khaula, 'yar Baffa Bubayero na Toranke. Babu kwafinsa a ko'ina, domin da safen ranar Haruna ya juye shi a cikin Gwaggo, ya goge katin kyamara ya tafi Gaya ya cika shi da sabon aiki. A bidiyon ne Inna Hanne, mahaifiyar Baffa, ta riƙe hannun jikarta ta yi mata waƙa da Fulatanci, ta sa mata albarka. Inna Hanne ba ta ga ƙarshen watan ba. Tun daga nan, duk ranar kasuwa sai Baffa ya tsaya a ƙofar shagon ya ce, "Malam Haruna, ba sauri nake ba. Muryar tsohuwa kawai nake so in ji." An kai rumbun can Kano, masu gyara sun juya shi sun dawo da shi a leda.

Iyalai suna roƙon kar wanda ya zo ya ce a sayi sabuwa. Ba a kuma karɓar shawarar duk wanda ke yawo da sukundireba a aljihu.

Za a yi zaman makoki ranar kasuwa mai zuwa a ƙofar shagon, bayan la'asar, daga nan 'yan jari-bola su wuce da gawar a baro. Haruna zai tari Baffa Bubayero da kansa, don amanar a hannunsa aka ba da ita. An shimfiɗa wa Ashraf tabarmar gaba, daf da ta Baffa, a kan kwalin nan nasa. Idan dattijon ya tambayi ina muryar mahaifiyarsa, Injiniya ne zai amsa.