Rasuwar Bunsuru, Babur ɗin Malamin Dabbobi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har maƙogwaro, Auta mai yankan gilashi, a madadin mahaifinsa da yayarsa da ɗaukacin ƙungiyar masu raya tsofaffin baburan daji, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗin gidansu, wanda aka fi sani da Bunsuru. Ya cika ne da safiyar Laraba a gindin tagar Baba, inda ya saba tsayawa, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya girmi da yawa daga cikin masu makokinsa. Jan tanki gare shi, da tsawon ƙafa, da tayoyi masu haƙora. Ya sami sunansa ne saboda hali biyu: babu dutsen da ya taɓa gagararsa hawa, kuma in ya wuce ka, warin hayaƙinsa sai ya wuni a rigarka. Duk wanda ka ji ya kira wannan wari ƙamshi, kada ka tambaya, ɗan ƙungiya ne.

Ya fara aiki a hannun Baba, zamanin Baba na malamin dabbobi, yana kai allura ga garken shanu can bayan duwatsu inda mota ba ta ko mafarkin zuwa. Ya ƙetare rafi da akwatin magani a bayansa, ya sha taɓo, ya sha ƙaya, bai taɓa barin ubangidansa a daji ba. Muryarsa kuwa ba ta da ta biyu. Sai ya ce "ran-dan-dan-dan," ya biyo da ɗan siririn fito, "fiii," sannan ya yi tari guda, "kaf!" Fiton nan wani dutse ne ya bar masa, ranar da ya huda masa salansa a wani gangare, Baba kuma bai taɓa samun sukunin liƙewa ba. Auta yana ɗan mitsitsi da wannan fito yake gane Baba ya shigo layi, ya ruga ya tare hanya, a ɗora shi a kan tanki a ƙarasa gida da shi.

Da Baba ya yi ritaya, ma'aikata ta karɓi abinta ta yi gwanjonsa, daga nan labarin Bunsuru ya ɓace. Aka yi shekara da shekaru. Auta ya yi furfura, tsufa kuma ya shiga kan Baba ya kwashe masa mutane daga ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da abin ya zo kan Auta, ya kai wa Baba ruwan sha ne ɗaki. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Ɗan gidan wa?" Auta yana yanka gilashi kullum, hannunsa duk tabo, amma ya ce babu yankan da ya taɓa shigarsa kamar wannan tambaya.

Abu ɗaya ne bai fita daga bakin tsohon ba, wato Bunsuru. Shi ya sa Auta ya shiga ƙungiyar nan ta mutanen da ke iya wuni suna gardama a kan ko wani noti na asali ne. Su suka koya masa bin sawun babur da lambar da aka buga masa a wuya. Suka gano marigayin ya yi zama da wani mai sayen zuma, ya koma hannun mai gadin daji, har ya taɓa jan injin ban ruwa a wani lambu, abin da Shugaban ƙungiya har yau ba ya son a tuna masa. A ɗakin kaji aka same shi, ba taya, ba fitila, wata kaza ta yi ƙwai a inda sirdinsa yake a da.

Ƙungiya ta yi masa hidimar da ba a yi wa wani ba. Aka wanke, aka goge, aka fesa masa ja irin nasa na asali. Shugaba da kansa ya nemo sabuwar salansa fil, tana cikin takardarta tun daga masana'anta, tana walƙiya. Aka turo shi gindin taga, Auta ya buga kiki, inji ya tashi sumul. Baba ya juya fuska bango ya ce, "Wane ne wannan yake damun mutane da sassafe?" Kowa ya yi cirko-cirko. Yaya ce ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai Auta, wannan ai ba muryarsa ba ce. Ina fiton?" Auta ya koma cikin tarkacen da aka ware za a zubar, ya tono tsohuwar salansa mai tsatsa da huji. Shugaba ya kawar da kai lokacin da ake ɗaura ta, don a cewarsa an sa wa mai sabuwar riga tsumma.

Aka sake buga kiki. "Ran-dan-dan-dan, fiii, kaf!" Gilashin taga ya yi rawa, hayaƙi ya kutsa ɗaki. Baba ya ɗaga kai ya leƙo, ya dubi mutumin nan mai furfura, ya ce, "Auta, kauce daga hanya kada in taka ka! Ka ci abinci kuwa?" Auta ya zauna a ƙasa daɓas ya yi kuka a gaban 'yan ƙungiya, babu wanda ya ga laifinsa.

Tun daga ranar marigayin ya bar hawan dutse ya kama sabon aiki. Kowace safiya ya tsaya a gindin taga ya yi magana, Baba ya dawo hayyacinsa. Ya tambayi Auta shago, ya yi wa Yaya faɗan gishiri ya yi yawa, ya ba da labarin wata saniya mai taurin kai. Kafin hayaƙi ya gama washewa ya sake tafiya, sai kuma gobe. Ba wani lokaci mai tsawo ba ne, amma da shi gidan yake rayuwa.

Ciwon ajali ya fara ne da wata 'yar ƙara a ciki, kamar cokali a kofi. Bakaniken ƙungiya ya kasa kunne, ya ce a bar shi ya huta a buɗe injin. Auta ya amsa da to, amma da gari ya waye ya ji Baba na tambayar Yaya ko ita ce sabuwar mai aiki, sai ya kasa haƙuri, ya ci gaba da tayar da shi. Ranar Laraba marigayin ya tashi da ƙyar. Ya yi fitonsa, Baba ya leƙo ya buɗe baki, sai aka ji "ƙwas!" Sandar fistin ta karye ta fasa cikin inji, baƙin mai ya malala a ƙasa. Bakanike ya zo ya duba, ya goge hannu, ya tattara kayan aikinsa. An gwada kunna wa Baba muryar marigayin da aka naɗa a waya, ya ce a kashe rediyon nan.

Ya rasu ya bar Baba, da Auta, da Yaya, da 'yan ƙungiya, da wani tabon mai a gindin taga wanda Yaya ta hana a wanke. Ya kuma bar maƙwabci mai gyaran takalma, wanda ya sha yin ƙorafin ƙararsa, ga shi yanzu yana makara zuwa shago.

Za a yi sallama da shi ranar Asabar da hantsi a garejin ƙungiya. Ba za a kai shi wurin 'yan gwangwan ba. Za a raba sassansa ga baburan da ke jinya: tanki ga Shugaba, tayoyi da sarƙa ga duk mai buƙata. Gangar jikin mai ɗauke da lamba za ta zauna a gida. Salansa kuwa ba ta cikin rabo, kada ma a tambaya.

Iyalan ba sa karɓar komai na ta'aziyya sai roƙo ɗaya. Duk wanda ke da ɗan'uwan marigayin, irinsa kuma sa'ansa, mai sauran numfashi, don Allah ya turo shi gindin taga, ya yi haƙuri a cire masa kyakkyawar salansarsa a ɗaura mai hujin na ɗan lokaci. A zo da wuri, don Baba ba ya makara. Za a tarar da Auta a bakin ƙofa riƙe da sifana, yana jiran a kira sunansa.