Yadda Ake Maƙalewa a Kogo da Haramin Alhazai

Kai saurayi, matso. Ni Tsoho na unguwar Jarwal a Makka ban yi boko ba, wankan gawa ne aikina a unguwa, don haka na san inda kowace hanya ke ɓullewa. Ka bi matakan nan, na lamunce maka sunanka zai zaga daga unguwar Nakkasa har Tandabawi. Muhannad, ɗan ƙanwata Ummulkhairi, ya gwada su, babu wanda bai ci ba.

1. Ka yarda kai gwani ne

Ka taɓa raka alhazai hawan dutse da silifa? Ka taɓa kallon wani a waya yana kutsawa rami? To, ka sauke karatu. Kada ka tambayi kowa. Haka Muhannad da abokinsa Hatim suka nufi wani kogo a duwatsun bayan gari.

2. Kada ka faɗa wa uwarka

Ka ce mata cin shinkafa da nama za ku. In an tashi nemanka, sai a fara da inda ba ka. Ummulkhairi har cewa ta yi, "Ka taho min da saura."

3. Ka ci ado

Hular kwano ta leburori ce. Kai ɗan gari ne, sa farar jallabiya mai guga, ka fesa turare. Fitila ga ta a wayarka. Ka tabbata ka ƙone cajin wajen ɗaukar kanka bidiyo tun a bakin kogon.

4. Kada ka sayi igiya

Nan sirrin yake. Wane gida ne a unguwarmu babu tulin haramin da alhazai suka bari? Kwaso, ka ƙulla baki da baki, ka zura cikin ramin. Da Hatim ya yi ɗari-ɗari, Muhannad ya ce masa, "Ya akhi, zanen da ya yi ɗawafi ne zai ci amanar mutum?"

Zanen bai ci amana ba kam. Ƙullin ne ya warware. Muhannad ya rikito, ƙafa ta karye, ƙugu ya maƙale tsakanin duwatsu.

Ina da karin magana daidai nan, amma kai haifaffen Makka ne, Hausarka ba ta wuce "ina kwana" ba.

5. Kunya tukuna, rai daga baya

Ka zaɓi abokin da ya fi tsoron bakin unguwa a kan mutuwa. Hatim ya fito, ya yi ta zagaye, sannan ya kira ni.

"Baba Tsoho, Muhannad yana ƙasa kaɗan."

"Ƙasa ina, ɗan nan?"

"Cikin rami. Amma don Allah kada Hajiyarsu ta ji, kada unguwa ta ji."

"Ka kira masu ceto?"

"Wallahi za a yi mana dariya."

"Yana magana?"

"Ɗazu yana yi."

Ga hadari ya haɗo, kuma duk ɗan Makka ya san in ruwa ya gangaro daga dutse, rami yake nema. Ni na kira su.

6. Bari wasu su sha wuyar

Masu ceto suka zo da igiyar gaske. Ɗayansu, magidanci mai 'ya'ya, aka zura shi kai a ƙasa, dutse ya saɓule masa fatar kafaɗa. Sai da aka yanke jallabiyar nan da almakashi kafin Muhannad ya fito da ransa, an fara yayyafi. Unguwar da aka ce kada ta ji kuwa ta cika gindin dutsen. Wani ya ɗauko harami ya lulluɓe shi.

Ummulkhairi ba ta yi kuka ba. Ta taɓa fuskarsa, ta dubi zanen, ta dube ni.

"Yaya, cire masa farin nan. Kuma kai ma matsa daga kansa."

Na matsa. Mayafinta ta rufa masa.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ba da yawuna ba, kada uwarka ta zo min ƙofa. Alfarma ɗaya nake nema. In za ka kwashi haramin, ka bar min uku masu tsabta a gidanku. Nawa ƙullin ba ya warwarewa.