Rasuwar Aljani Mai Noman Gyaɗa a Bakin Akuyar Kulu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma rabin bangon littafi a hannu, Malama Kubura matar Ya'u Direba, mai ba da hayar littattafai a gidanta da ke bayan tasha a Daura, tana sanar da 'yan'uwa makaranta rasuwar littafinta abin ƙaunarta, Aljani Mai Noman Gyaɗa. Ajali ya riske shi yau Talata da hantsi, a bakin akuyar maƙwabciyarta Kulu. Har yanzu da ake rubuta wannan sanarwa akuyar na ɗaure a gindin darbejiya tana tuƙa, mata huɗu na riƙe da Kubura, ita kuwa Kulu tana ba da haƙuri ta kan katanga, daga nesa.

An haifi marigayin a wata maɗaba'a a Kano, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ɗa ne ga Kalilu Zango, marubucin Tsawa Bakwai, littafin nan mai kashi tara da ake sare kan dodo tun a shafi na biyu. Ya rasu ya bar yayyensa taran nan cikin ƙoshin lafiya, wato a yage, a ɗinke da zare, suna ƙamshin manja da turaren mata ɗari. Kullum suna yawon gidaje. Ba a taɓa samun su duka a gida rana ɗaya ba.

Shi kuwa marigayin ɗan zaman gida ne. Shekara biyu yana kan kanta cikin ledarsa, bai taɓa ƙetare zaure ba. Bai ƙona tuwon kowa ba sai na Kubura. Babu mijin da ya taɓa ƙwace shi ya jefa a kan rufin ɗaki. Idan aka zaro shi daga leda sai ya ce ƙaras-ƙaras, a hankali, kamar mai jin kunyar surukai. Wannan murya ce Kubura ba za ta ƙara ji ba.

Labarin da ke cikinsa na wani aljani ne da ya gaji da tsorata mutane, ya ari gona a wajen Dutsi, ya auri wata bazawara mai tsiwa, ya zauna jiran ruwan sama kamar kowa. Sau goma sha ɗaya Kubura ta karanta shi. Sau goma sha ɗaya ta yi kuka a shafi na ɗari da arba'in, inda matar aljanin ta rasu ana saura kwana uku a cire gyaɗa, kuma har yau ba ta yafe wa marubucin ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne, a duk faɗin Daura babu mace ɗaya da za ta dafa wa kafaɗa ta ce, "Kin ga abin da ya yi mata?" Burinta ke nan a duniya: mutum ɗaya tak ya karanta, su zauna su yi kukan tare.

Likitocin unguwa sun ce da ciwonsa aka haife shi. A bangonsa babu takobi, babu gimbiya, sai fartanya. Mahaifinsa ya rubuta shi a lokacin da kowa ke taka-tsantsan, don haka bai sa boka ko ɗaya ba, kuma har shafi na sittin ba a zubar da jinin ko kaza ba. Ba shi da kashi na biyu, ga shi matan unguwa ba sa son littafin da zai ƙare ya bar su. Duk wadda ta ga sunan Kalilu Zango tsawa take nema, sai ta buɗe ta tarar da aljani yana noman firi.

Amma ainihin cutar, Kulu ce ta gano ta ranar Juma'ar da ta wuce.

"Yaya Kubura, wa zai ɗauki littafin da ko tabon miya babu? Mu fa da hanci muke zaɓe. Da yana da daɗi, da tuni an yage shi."

Ashe ledar ce ta cuce shi! Nan take Kubura ta fara jinya. Ta tuɓe masa leda. Ta lanƙwashe kunnuwan shafuka. Ta zauna a kansa ta tsince shinkafa. Ta rubuta sunayen mata uku da ba a taɓa haifa ba a bayan bango, har da "wayyo daɗi" a ƙarƙashin ɗaya. Daga ƙarshe ta shafe gefensa da man gyaɗa, ta barbaɗa masa garin ƙuli-ƙuli a tsakiya, ta shanya shi a kan turmi don ya sha rana.

Magani kuwa ya ci. Yau da hantsi Madina, amaryar gidan mai gyaran rediyo, wadda ta fi kowa tsani wajen zaɓe, ta shigo ta ɗauke shi, ta jujjuya, ta shinshina.

"Kai! Wannan ya sha hannu. Ina kika ɓoye shi? Ajiye min, in sauke tukunya in dawo."

Kubura ta rangaɗa guɗa, ta ruga ɗaki ɗauko tabarmar baƙi. Ko minti biyar ba ta yi ba. Ashe ba Madina kaɗai ta shinshino man gyaɗar ba. Kalamin marigayin na ƙarshe, kamar yadda aka jiyo daga ɗaki, shi ne: ƙurus, ƙurus, kyat.

Abin da aka iya ƙwatowa shi ne rabin bango mai hoton ƙotar fartanyar, da shafin farko. Tunda shafin na ɗauke da Bismillah ba za a zubar da shi a bola ba. Za a binne shi yau bayan la'asar a bayan rumbu, Malam Ya'u ne zai yi tono. Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku a tsakar gida, mata zalla. Duk wadda ta san za ta tambayi "Ina yaƙin?" ta yi zamanta a gida. Kulu na iya zuwa. Akuyarta kada ta zo.

Ƙarin sanarwa: an dakatar da tono.

Ana cikin wasa fartanya sai ga wani dogon mutum a kan babur, ƙafafunsa duk taɓo, ya yi sallama a zaure. Ya ce da Malam Ya'u shi ne Kalilu Zango. Wai wani kwamitin malamai masu tace littattafai ya kira shi ya bayyana gabansu jibi Alhamis, an kai ƙararsa cewa yana koya wa mata tsafi, kuma a duk abin da ya rubuta littafi ɗaya ne babu boka a ciki, shi yake so ya kai musu shaida. Nasa kwafin gara ta cinye, ragowar kuma masu ƙosai sun naɗe ƙosai da su. An ce masa kwafi ɗaya ya rage a duniya, yana nan gidan, cikin leda, tas da shi.

Malam Ya'u ya ɗaga labulen buhu, ya nuna masa gindin darbejiya. Akuya ta dube shi, ta haɗiye.

Baƙon ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Sai aka ji murya daga bayan ƙyaure tana karanto shafin farko da ka, ta wuce na biyu, ta shiga na uku ko waƙafi ba ta tsallake ba. Matan makoki suka matso kusa. Madina ta jawo kujera.

"Malam Ya'u, a taimake ni da biro da takarda!" in ji baƙon. "Baiwar Allah, faɗi in rubuta, kwana biyu gare mu!"

"Zan faɗa, Malam," in ji Kubura, tana gyara ɗaurin ɗankwali. "Amma ka sani tun yanzu, a wannan karon matar aljanin ba za ta mutu ba."