Iskar Birkin Mujittafa

Akwai wani abokinmu a Tudun Wadar Zariya, Mujittafa, wanda da aka raba musu gado ya sayar da filinsa ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tseren nan da cikinta ke kusan sharar ƙasa. Mutum biyu kawai take ɗauka, na biyun ma sai in ba shi da tumbi. Tun ranar da ta shigo gida ya rantse babu bakaniken da zai sa mata hannu, wai masu gyara da guduma ba su san darajarta ba. Shi zai riƙa yi da kansa, tunda komai akwai shi a waya. A gidan kakarsa yake zaune, Hajiya Yalwa, wadda ba ta taɓa ce masa uffan a kan maganar filin ba, kallonsa kawai take yi.

Wata Asabar na je na tarar ya ɗage motar a jak, ya cire tayoyi, ya baje sifanu a tabarma. Ya ce birki ne ya yi laushi, iska ta shiga layin mai. A ƙa'ida aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki, ɗaya yana kwance noti yana ɗaurewa. To shi ya yi odar wasu ƙananan bawul daga waje, masu rufe kansu da kansu, don haka ba ya bukatar kowa. Na ce ko in taka masa, ya ce in zauna in ga ilimi. Na zauna.

Hajiya tana rumfarta a can ƙasan tsakar gida, kusa da randunanta da akurkin kaji, tana jan carbi. Da ta ga rana ta take shi yana kwance a ƙarƙashin mota, ta aiko da tambaya ko lafiya. Ya leƙo, fuska duk baƙin mai, ya ce iska yake cire wa motar. Tsohuwa ta ce Allah ya ba ta lafiya.

Gaskiya aikin ya tafi yadda ya ce. Ya ɗaura bawul a kowace ƙafa, ya sa siririn tiyo cikin gora, ya shiga ya yi ta taka birki, ya fito ya nuna mini kumfa tana fita. Yana kan ƙafar baya ta ƙarshe aka kira shi a waya. Ya daɗe yana ba wani labarin yadda ya fi ƙarfin bakanike, ya dawo ya zare tiyo, ya mayar da taya, ya sauke jak. Bawul ɗin nan ko ɗaure shi bai yi ba.

Ya shiga, ya tayar, ya ba ta wuta har tagogin gida suka ɗauki rawa, ya sa ribas. Gidan kuwa gangare ne. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka tuwo. Ina kallo motar ta bi ta kan randuna, ta kwashe ƙafar rumfa, ta je ta zauna a kan akurki. Kaji suka watse, kwanon rumfa ya rufto a kan jar mota. Allah ya sa Hajiya ta tashi alwala ke nan. Kujerarta ce ta tafi a madadinta.

Mujittafa ya rarrafo ta taga, gashin kaza a kafaɗa. Hajiya ta ƙaraso da butarta a hannu, ta dubi kujerar, ta dubi randunan da ta yi shekaru tana shan ruwan sanyi a ciki, sannan ta tambaye shi a hankali ko ya ji ciwo. Ya ce a'a.

"Wallahi Hajiya, ban san me ya faru ba," in ji shi. "Iskar nan duk na fitar da ita. Ga shaida nan, da idonsa ya ga ta fita."

Ta ce, "Ai ban musa ba, maigida, ita kam ta fita. Ɗanta ta bari a bakin sitiyari."