Bishiya Mai Lamba Goma Sha Bakwai da Kaskon Lauratu

Jama'a, ku yi mini sannu. Yau awa uku cur na yi a tsaye cikin ruwan sama da tutar takarda a hannu, ina jiran manya su zo su ƙaddamar da bishiyar da ni da hannuna na dasa. Tutar ta narke tun a awa ta farko, ta bar ni da tsinke da jan launi a gaban farar rigata. Wanda ya san ruwan Douala ya san ba ya yayyafi, da bokiti ake juyo shi. Na shigo gida ina atishawa, uwargida Rakiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam Idirisu, har da kai aka yi wa ban-ruwan?" Ni kuwa abin da ke cina ya fi sanyi.

Bari in faro muku daga tushe. Bara war haka wata doka ta sauko mana daga can sama, inda ake zama a ɗaki mai sanyi a yi wa masu jin zafi tunani. Aka ce duniya ta ɗumama, yanayi ya birkice, kuma maganin abin shi ne layinmu na New Bell ya samu bishiya arba'in. Ni ban musa ba. Mu da ruwa ke shigo mana har ƙarƙashin gado duk damina, kwatarmu ta toshe tun ina da baƙin gashi, in an ce itace zai taimaka, ai bismillah. Aka zo aka huda siminti wuri arba'in, aka cusa wasu tsirrai sirara kamar tsinken sakace, aka kafa wa kowanne ƙarfe aka rataya masa lamba. Mai lamba goma sha bakwai ta faɗo daidai gaban kaskon Lauratu.

Wanda bai san Lauratu ba bai taɓa karyawa a layinmu ba. Shekara goma sha tara tana suyar ƙosai da makala, wato fankenmu na nan, a kusurwar nan, inda masu bensikin, wato baburan haya, suke tsayawa jiran fasinja. Mijinta ya rasu, kaskon nan ne ke ciyar da 'ya'ya huɗu da tsohuwarta. Aka miƙa mata takarda da Faransanci, ta kai wa Affan, maƙwabcinmu ma'aikacin ofis, wanda ko atishawa zai yi sai ya gyara lakatayin wuyansa.

Affan ya karanta ya ce, "Yaya Lauratu, an naɗa ki mai tsaron bishiya."

Ta ce, "To, madalla. Da albashi?"

"Babu. Amma sun ce in ta mutu, wurin nan ya fita daga hannunki."

Ta dafe ƙirji. "Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba?"

Kwana huɗu bishiyar ta yi a duniya. Ran na biyar ragon layyar Zakari mai soya, wato mai tsire, ya tsinke igiya, ya zo ya yi mata loma biyu, ya bar lambar tana lilo a jikin ƙarfe. Lauratu ta ɗora hannu a ka tana salati, mai yana ƙonewa a kasko ba ta ma sani ba. Zakari ya riƙe ƙahon ragon yana rantsuwa: "Wallahi Yaya, dabban nan bai san doka ba!" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mu ma da muka yi makaranta ba mu san ta ba sai da ta faɗo mana.

Nan fa muka yi zaman gaggawa a bencin mai shayi. Ni, da yake Allah ya hore mini basirar da ba a tambaye ni ba, na ce a samo reshen zogale. Soka shi kawai ake yi a ƙasa, kafin ka juya ya fi ka tsawo. Affan ya ce sunan bishiyar da ke takarda dogo ne, na Turawa, za a gane. Zakari ya ce, "Wa zai gane? Masu dubawar da ba sa sauke gilashin mota?" Magana ta ƙare. Na hau bensikin har unguwar PK 14 can bayan gari, gidan ƙanwar Rakiya, na dawo da reshe a kafaɗa ina tsokane wa mutane ido a hanya. Muka dasa, muka kewaye da tsohuwar ragar fanka, muka mayar da lamba. Shi kuwa mai laifin, da Sallah ta zo muka cinye shi.

Zogale ya kama, ya yi ganye shar. A nan ne basirata ta nuna iyakarta, don na manta a unguwar wa na dasa shi. Mun yi wa rago shinge, ba mu yi wa matan Hausawa ba. Wannan ta zo sayen ƙosai ta tsinki "ɗan kaɗan na miya", waccan ta ce jikanta ne ba shi da jini. Cikin sati biyu bishiyar hukuma ta koma sandar makiyayi. Wata rana Rakiya ta ajiye mini kwaɗon zogale da ƙuli, na ci har da suɗe kwano, sannan na tambaya daga ina. Ta ce, "Ci dai, Malam." Ashe lamba goma sha bakwai nake ci.

Lauratu ta bi gida gida tana roƙo. "Don Allah ku bar mini ganyen nan, abincin 'ya'yana ne a jikinsa." Kowa ya ce Allah sarki, kowa ya ce ba shi ba ne, gobe kuma a sake tsinka. Da ta gaji, sai muka wayi gari muka ga wata baƙar laya mai jan zare tana reto a reshe. Shi ke nan! Ko kaza ta daina bi ta wurin. Rakiya ma ta fara cewa cikinta na murɗawa tun daga wancan kwaɗon. Daga baya Lauratu ta raɗa mini cewa takardar burodi ce a ciki. Na ce ina ma manya za su zo su ɗauki darasi, ga dokar kare muhalli da ta yi aiki ba tare da taron bita ko ɗaya ba.

Daga nan Lauratu ta riƙe bishiyar nan kamar autarta. Ruwan wankin wake nata ne, tokar murhu tata ce. In mai bensikin ya jingina babur, ta bi shi da matsami. Sauran talatin da tara kuwa, Allah ya jiƙansu. Awaki sun ci wasu, kwatar da ba a yashe ba ta shanye wasu, ɗaya an mayar da ƙarfenta wurin shanya. Ta Lauratu kaɗai ta rayu, ta wuce rufin shago, har inuwa take yi wa masu layin ƙosai.

Saboda haka da aka tashi bikin nuna nasarar doka, ina za a je in ba wurinta ba? Jiya Lauratu ta sayi sabon ɗankwali a kasuwar Marché Dakar, ta jiƙa wake ninki biyu, wai manya za su ɗanɗana. Ta ce mini, "Malam, ko hannu suka ba ni ai na gode."

Yau da safe, kafin mai ya yi zafi, wasu ƙarti masu riga iri ɗaya suka sauko daga mota. Suka ɗage murhu, suka ɗage tebur, ɗaya ya zana jan kuros a bango, alamar a tashi. Lauratu ta riƙo hannun Affan ta ce, "Ƙanena, gaya musu ni ce mai tsaron! Gaya musu ba ta mutu ba!" Affan ya yi ta zuba Faransanci har jijiyar wuyansa ta tashi. Shugabansu ya buɗe takarda ya nuna masa wani sashe a shafi na biyu, shafin da ba a taɓa ba mu ba: haramun ne hura wuta kusa da bishiyar hukuma, hayaƙi na cutar da ita. Ya juya ya ce wa Lauratu, "C'est la loi, Madame." Wato doka ce. In ta mutu ki tashi, in ta rayu ki tashi.

Sai ga manyan sun iso. Motoci shida manya-manya suka jeru a gindin bishiyar da hayaƙin ƙosai ke cutarwa, ba wadda aka kashe injinta, don kada sanyin ciki ya gudu. Mai Girma Uban Ganye, Garkuwan Inuwa, Allah ya ƙara masa lema, ya fito mutum biyu na tare masa ruwa. Aka miƙa masa butar ban-ruwa mai ƙyalli da kintinkiri, ya shayar da zogalena ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kai, wannan hangen nesa sai manya! Ya yi jawabi ya ce wannan iri ne na musamman da masana suka zaɓo daga ƙasar waje. Na yi tafi sosai, don ban taɓa sanin PK 14 ta yi nisa haka ba. Ya gode wa kwamiti, ya gode wa ƙaramin kwamiti, ya gode wa masu ɗaukar hoto. Lauratu tana tsallaken titi da kasko a ka, sabon ɗankwalin ya jiƙe sharkaf, ƙullun wake na tsami a roba kusa da ƙafarta. Wallahi na ji kunya, na ji haushi, kuma ni na kawo shawarar zogalen.

Da motocin suka tafi, ta tsallako a hankali. Ta ajiye kasko, ta miƙa hannu ta kwance layar, ta farke ta a gaban kowa, takardar burodi ta faɗo cikin taɓo. Ta ce, "Ku gaya wa matan layi kowa ta zo da kwanonta."

Kafin la'asar babu ganye ko ɗaya. Rakiya ta kai wa Lauratu nata kason har gida, Lauratu ta ce a mayar. "Ni na raine shi, ba zai wuce mini a wuya ba." Na tambaye ta gobe ina za ta kafa kasko. Ta ce, "Malam, in ka ji wurin da ba bishiya, ka gaya mini."

Ranka ya daɗe Uban Ganye, in labari ya iso ofis, a rubuta cewa doka ta karɓu a New Bell, don yau babu gidan da ba ta shiga tukunyarsa ba. Gishiri ne kawai ya ɗan yi mata kaɗan.