Wanda Za a Ambata Daga Baya

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe goma na safe, a ofishinmu na sansanin horar da 'yan besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, da ke Boca Chica. Watana uku da gama jami'a, wata biyu da samun aikin auna 'yan wasa da alƙaluma. Ƙungiyar Amurka da muke yi wa aiki ta rabu da wani babban ɗan wasa mai tsada, aka yi yarjejeniya cewa a madadinsa za ta zaɓi yaro ɗaya cikin biyar daga ƙananan 'yan wasan ɗaya ƙungiyar, a faɗi sunansa daga baya. Maigidana ya ajiye min takarda. Mutum biyar, ba suna, sai lamba, don kada son kai ya shiga. Ya ce in jera su daga na gaba zuwa na baya kafin gobe.

Na huɗu mai jifa ne da hannun dama. Shekara ashirin da uku. Haihuwar tara ga Maris. An yi masa aiki a gwiwar hannu shekara biyu da suka wuce. Na karanta layin sau uku. Ni na yi jinyar wannan gwiwar hannun. Yayana ne, Eudis.

In aka zaɓe shi, sabuwar ƙungiya za ta ba shi shekara ɗaya ko biyu ya gwada kansa. In ba a zaɓe shi ba, to tasa ƙungiyar ta riga ta nuna ba ta damu da rasa shi ba, kuma ɗan shekara ashirin da uku a ƙaramin rukuni, ƙarshen kakar wasa tikitin gida ake miƙa masa.

Na miƙa takardar ranar Juma'a. Ranar Lahadi na hau acaɓa zuwa unguwar 'yan rake a bayan San Pedro, wurin kakana. Na same shi a ƙofar gida kan kujerarsa, tukunyar shinkafa a kan gawayi, rediyonsa a cinya ba ya magana.

"Sa min albarka, Papá Chencho."

"Allah ya yi miki albarka, Yudelka, ya ƙara miki nama. Wannan wuya kamar na zalɓe! A ofishin naku alƙaluma kuke ci da rana?"

"Gara ni, ina da haƙoran ci. Kai naka nawa suka rage, uku?"

"Huɗu. Mai digirin lissafi, ko ƙirga ba ki iya ba. Ina batirina?"

"Wane batir?"

"Ji ta! Tun Talata na aika miki. Batir huɗu manya, peso ɗari biyu. Ƙarfe ɗaya za a fara shirin ƙwallo, kowane wawa a ƙasar nan zai bugo waya ya yi magana kan cinikin da ƙungiyarku ta yi, ni kuma ina zaune da mataccen akwati."

"Ai ba ka rasa komai ba. Kai kaɗai ka fi su duka surutu."

"Na fi su hankali ne. Gaya min, wane ne ya yi muku wannan ciniki? Mutumin da ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau talatin bara, kun miƙa shi, kun karɓi me? 'Wanda za a ambata daga baya.' Ko a kasuwar kaji ba a cinikin biri a sama."

"Albashinsa ne ya yi nauyi, tsoho. Akwai layin da in kuɗin albashin ƙungiya ya haura, sai an ci ta tara."

"Layi! Wa ya zana layin?"

"Da babu shi, ƙungiyoyi uku masu kuɗi za su kwashe duk wani mai hannu, sauran su zauna kallo. Shi ya sa ma wasu ke son a yanka iyaka gaba ɗaya, kowa ya tsaya a kanta."

"Iyaka. Na san iyaka tun ubanki bai iya ɗaura wando ba. Shekara talatin da ɗaya ina saran rake. An yanka mana iyakar abin da za a biya kan amalanke guda. Ban taɓa jin an yanka iyakar sukarin da mai masana'anta zai sayar ba. In za su yi wa hannun yaro iyaka, su fara yi wa kuɗin tikiti."

"Da kai ne mai ƙungiya, da sati biyu ta karye."

"Da ni ne mai ƙungiya, ke zan fara sa wa a kasuwa. Akuya ɗaya da ƙullin gishiri, na sallama."

"Ka dai samu akuya. Kai kuwa sai na haɗa musu da kuɗi kafin su karɓe ka. In cika da kujerar, in cika da rediyon, in biya rabin abincinka na shekara."

"Ƙarya kike! A zamanina na buga wa ƙungiyar masana'anta da takalmi ƙafa ɗaya, wani Bature ya biyo ni har cikin gonar rake da takarda a hannu."

"Bara ka ce kan doki ya zo."

"Ya zo sau biyu."

Ya zuba min kofi a ƙaramin kofin gwangwani. Na karɓa, hankalina na wani wuri, kofin ya zuba a kan siket ɗina. Ya bi ni da kallo, ya daɗe bai ɗauke ido ba.

"Mai digiri. Shagon Fello yana bakin titin da kika sauka. Batirin nan, kin manta ne ko kin ƙi?"

"Na ƙi."

"Me kike tsoron rediyo ya faɗa?"

Na gaya masa. Takardar, lambobin, tara ga Maris. Bai katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba tunda nake da shi. Da na gama sai ya ajiye rediyon a ƙasa.

"To, na nawa kika sa shi?"

"Na biyu."

"Na biyu! Jinina? Yaron da na koya wa jifa da lemun tsami a bayan gidan nan? Kai, akuyar ma na fasa, kyauta zan ba da ke!"

"Papá..."

"Kin san da me aka biya kuɗin makarantarki? Ranar da ƙungiyarsa ta ɗauke shi yana ɗan sha shida, kuɗin da suka ba shi kashi uku aka yi: kwanon rufin nan, maganin uwarku, da ke. Hannunsa ne ya saya miki ma'aunin da kika auna shi."

"Na sani. Kwana uku kenan ba abin da nake ji a kaina sai wannan."

Muryata ta karye a wurin. Ya ga haka, ya kawar da kai, ya buɗe tukunya kamar shinkafar ce ta kira shi. Ya rufe. Ya gyara zama.

"Bar kukan, ba ki da kyan da za ki ɓarnatar. Kawo min su ɗaya bayan ɗaya. Na farkon naki, me yake da shi?"

"Shekara sha tara. Yana jifa da gudun mil casa'in da bakwai a awa."

"Casa'in da bakwai... Eudis fa?"

"Casa'in da biyu. Kafin aikin yana kai da biyar."

"Shi sha taran yana samun inda ya nufa, ko 'yan kallo yake kashewa?"

"Rabi da rabi."

"Za a koya masa. Saiti ana koyarwa, ƙarfi kuwa daga ciki ake zuwa da shi. To, na yarda, wannan ya wuce. Saura?"

"Biyu ba su da wani abin kirki. Ɗaya ƙafarsa ta lalace, ɗaya ba ya ganin ƙwallo mai lanƙwasa. Sai na biyar, mai jifa ne shi ma. Shekara ashirin da ɗaya, bahago."

"Bahago?"

"Bahago."

"Akwai bahago a cikin takardar, shi ne kika bari sai yanzu? Yarinya, bahago ko bokiti yake jefawa sai an saye shi! Hannunsa lafiya?"

"Ba a taɓa yanka shi ba."

Ya shiga lissafi da yatsu a kan gwiwarsa. Na ga ya lanƙwasa ɗaya, ya lanƙwasa na biyu, ya tsaya a kan na uku bai so ya taɓa shi ba.

"Kada ki gaya wa uwarki," ya ce a hankali. "Ni da na uku zan sa shi. Na ga hoton wasansa da ya turo a wayar Fello. In ya gaji gwiwar hannun tana sauka. Tun bara na gani, na yi shiru."

"Alƙaluma ma na uku suka ba shi."

"Me kika ce?"

"Na uku ya fito. Ni na ɗaga shi zuwa na biyu. Na rage wa bahagon maki a wurin da ba wanda zai duba."

Ya zuba min ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari, har sai da na tashi na bubbuga masa baya.

"Wayyo Allah! Ashe ɓarauniyar jika gare ni, kuma ɓarauniyar da ba ta iya sata ba! Kin shiga rumbu, kin fito da tsaba ɗaya! Mutum ɗaya za su ɗauka, Yudelka. Na biyu da na biyar duk gida ɗaya za su kwana. In za ki sha giya, sha ta dubu!"

"Da na sa shi na farko da sun gane."

"Da kin bar shi na uku da kin yi barci."

"To ai shi ne. Ban yi wa aikina gaskiya ba, ban kuma yi wa Eudis amfani ba."

"Je ki gobe ki gyara mana. Ko sama gaba ɗaya, ko ki mayar da shi inda kika same shi."

"Takardar ta tafi Amurka tun Juma'a."

"Ta tafi." Ya share idonsa da bayan hannu. Dariyar ta janye. "Taki kaɗai za su duba?"

"A'a. Akwai rahoton masu zuwa kallo da ido, tsofaffi irinka, masu hula da ciwon baya."

"Alhamdu... to, da sauran magana. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A cikinsu ba za a rasa wanda ya taɓa ganin yaron nan abokan hamayya sun cika masa fili suna shirin cin maki, bai fitar da ko ɗaya ba tukuna, filin wasa yana ihu, shi kuwa yana tauna cingam kamar yana jiran mota. Wannan wane gurbi yake da shi a takardarki?"

"Babu gurbinsa."

"Na sani. A ma'aunin masana'anta ma babu gurbin wanda ya sara rakensa da zazzaɓi. Amalanke kawai ake ɗorawa." Ya numfasa. "Amma ban taɓa cewa ma'aunin ƙarya yake yi ba. Abin da aka ɗora masa yake faɗa. Naki ma haka. Na uku ne. Kin ci ni, mai digiri, kin iya ƙirga."

"Maimaita, in kira Fello ya zama shaida."

"Ban faɗi komai ba. Miƙo faranti."

Ya zuba min shinkafa da wake. Sannan ya karkata tukunyar, ya sa cokali ya kankare ƙanzon gindinta, ya fito da shi faifai guda, ja, yana ƙamshi. A gidan nan kowa ya san ƙanzo rabon Eudis ne tun yana yaro, in ba ya nan kuma tsohon ke cinye abinsa da haƙoransa huɗu. Ya ɗora min shi duka a kan farantina.

"Aro ne, ba kyauta ba," ya ce. "Mai shi na nan. In ya dawo gida..."

Bai ƙarasa ba. Mu duka mun san abin da dawowarsa gida take nufi a wannan shekarar. Ya ɗauki cokalinsa ya fara ci, ni ma na ci.

Yau Laraba. An ce Juma'a za a faɗi sunan. Jiya Eudis ya turo min saƙo yana tambaya ko na ji wani abu a ofis, don a wurinsu ana ta raɗe-raɗi. Na karanta, ban amsa ba tukuna. Har yanzu ba a kira kowa ba.